Jikokin Annick a Motar Kashe Gobara

A Lanvoran aka haifi Annick Kerbrat, a nan aka ɗaura mata aure, a nan kuma ta binne mijinta Fanch a maƙabartar bayan coci. Har ta haura shekara sittin, tafiya mafi nisa da ta taɓa yi ita ce zuwa Paris, sau ɗaya, bikin 'yar ƙanwarta, ta dawo da ciwon kai na kwana uku ta ce ita da wannan gari har abada. A duk wannan ɓangare namu na yankin Bretani, can yamma da Paris wajen bakin teku, in ka shiga kasuwar Talata ko ta Asabar ka ce "Annick mai waina", ko yaro zai nuna maka rumfarta. Wainarmu ce ta garin baƙar alkama, faffaɗa, sirara kamar takarda, a fasa ƙwai a tsakiya, a barbaɗa cuku, a naɗe. Shekara talatin da huɗu tana juya ta a kasko, kuma tana alfahari da cewa ba ta taɓa miƙa wa kowa ƙonanniya ba.

'Yarta ɗaya ce tak, Solenn, ma'aikaciyar jinya a gidan kula da tsofaffi. Da Solenn ta auri wani kafinta mai yawan fara'a, Tangi, sai Annick ta yanka musu fili a ƙarshen lambunta na tuffa. Tangi ya gina gida da hannunsa. Daga tagar kicin ɗinta Annick tana hango ƙofarsu, ta san lokacin da aka buɗe labule, ta san ranar da aka makara. Jikoki uku suka zo: Enora, sai Malo, sai Youna. In an tashi makaranta ta cikin shinge suke ratsowa su faɗo mata kicin da yunwa, suna kiran "Mamgoz! Mamgoz!", yadda yaranmu ke kiran kaka.

Tana da shekara sittin da biyu abin ya faru. Wata Lahadi ce a watan Maris, suna cin gasasshiyar kaza da dankali a teburinta. Malo, ɗan shekara shida a lokacin, sai mutsu-mutsu yake a kujera, har ya kasa riƙewa.

"Mamgoz, mun sayi motar kashe gobara!"

Annick ta yi dariya. "To madalla. Ja ce? A ina ka ajiye ta, ƙarƙashin gado?"

Babu wanda ya taya ta dariyar. Enora, mai shekara tara, ta sunkuyar da kai cikin faranti. Tangi ya share baki da ƙyalle ya dubi matarsa.

"Mama," in ji Solenn, "gaskiya ya faɗa. Tsohuwar mota ce, Tangi zai mai da ita gida. Za mu zagaya duniya da yaran."

"Ku zagaya me?"

"Duniya, Mama. Mu bi ta gabas, mu dawo ta yamma."

Annick ta dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, tana neman wanda zai fashe da dariya. Ba ta samu ba.

"Aikin naki fa?"

"Na ajiye."

"Makarantar yara?"

"Mu za mu koyar da su a hanya," in ji Tangi da sauri. "Akwai littattafai, Annick, hukuma ta yarda."

"Hukuma ce ta haife su? Youna ko fitsarin kwance ba ta daina ba! Gidan kuma wa za ku bar wa?"

Solenn ce ta amsa.

"Mun sayar. An sa hannu ranar Alhamis."

Cokalin miyar da ke hannun Annick ya faɗi a kan farin ƙyallen tebur. Ta miƙe, ta nufi taga, ta tsaya tana kallon rufin gidan ta tsakanin itatuwan tuffa. Filin da kakanta ya nome. Ranar Alhamis ɗin nan ita ta ɗauko yaran daga makaranta, an ce mata za a je ganin likitan haƙori.

"Shekara ɗaya ce tak, Mama," in ji Solenn daga bayanta.

Da aka kawo motar, rabin gari sai da ya fito kallo. Ƙatuwa ce, tayarta ta kai wa Annick ƙirji. Da ta daure ta hau ta leƙa ciki, sai ta ga wasu kantoci uku jere a bango, irin waɗanda take jera kwalaben zuma a kai.

"Waɗannan na mene ne?"

"Gadajen yara ke nan," in ji Tangi yana murmushin jin daɗi.

Ta sauko ta koma gida. Ranar tafiya, cikin watan Agusta, ta cika musu kwando da waina da man shanu mai gishiri, ta sumbaci yaran, ta miƙa wa surukinta hannu kamar baƙo. Ba ta yi kuka ba sai da motar ta sha kwanar coci.

Solenn ta so ta bar mata wayar zamani, irin mai nuna hoto, Annick ta ce ba ta so, wayar bangon kicin ta ishe ta. An ce mata suna da shafi a intanet inda suke sa hotuna da labarin kowace ƙasa, kuma kusan duk Lanvoran na bi. Ta ce duk wanda ya kawo mata zancen shafin nan a rumfa, ya nemi wainarsa a gaba. Don haka abin da take ji shi ne abin da aka zaɓa aka gaya mata, Lahadi biyu ko uku sau ɗaya, cikin murya mai yankewa. Malo ya karya hannu a Jojiya, ba ta sani ba sai da aka cire masa ɗauri. Enora ta sha nonon goɗiya a Mongoliya, ta ce da daɗi. Annick ta ajiye waya ta je ta kurkure baki.

Da Agusta ya zagayo ta wanke zannuwan gado, ta gyara ɗakin sama. Sai ga waya.

"Mama, motar tana cikin jirgin ruwa."

"To, Allah ya kawo ku lafiya. A wace tashar za ta sauka?"

"A Malesiya, Mama."

Shekara ɗaya ta zama biyu, biyu ta shiga ta uku.

Wata Asabar a shekara ta uku, kasuwa ta cika, tana da waina biyu a wuta, sai ga Soazig mai sayar da cuku ta baro rumfarta a guje, hannu a buɗe.

"Annick! Barka, barka! Ashe haka kike da zurfin ciki? Ko ki ɗan tsegunta mana!"

"Barka da me?"

"Ji ta! Da sabon angon naki mana. Kai, yaron nan hancin Fanch ya ɗebo sak."

Annick ta tsaya da maburgi a hannu. Soazig ta ga fuskarta, murmushinta ya fara gushewa, amma ta riga ta ɗaga wayarta, shafin nan nasu a buɗe. A cikin gilashin, Solenn ce zaune a kan tabarma, cikin wani ɗakin gora, ɗaure da zane, rungume da jariri ja wur. Wata tsohuwa baƙuwa, mai haƙora jajaye, tana shafa masa kai.

"Wayyo Annick," in ji Soazig a hankali, "ba ki sani ba? Mutum dubu huɗu sun yi musu barka."

Hayaƙi ya turnuƙe rumfar. Waina biyun sun zama gawayi, mutanen layi suna ta kiran sunanta, ita kuwa ko ƙiftawa ba ta yi. Jeannot mai kifi ne ya tsallako ya kashe mata gas.

Washegari wayar bango ta yi ƙara. Annick ta bar ta ta yi ta yi, sannan ta ɗauka.

"Wata tara," ta ce, ko gaisuwa babu. "Wata tara kina magana da ni, kina tambayata lafiyar kaji."

"Mama, na san abin da za ki ce. Za ki ce in dawo gida in haihu."

"Da me kike so in ce? Wace ce wannan matar da ke taɓa shi?"

"Ungozoma ce. A wani tsibiri muke a Indunusiya. Lafiyarsa ƙalau. Sunansa Bayu."

"Ba... me?"

"Bayu. Iska ke nan da harshensu."

"Iska," in ji Annick. "Ya dace." Ta mayar da kan wayar.

Wata biyar ba ta ƙara ɗauka ba in ta san su ne. Daga baya aka koma gaisawa, sama-sama, zancen ruwan sama da farashin ƙwai. Suka tsallaka Ostareliya, Tangi ya yi aikin kafinta a can wajen shekara, sannan aka sake ɗora motar a jirgi zuwa Kudancin Amurka.

A shekara ta biyar wasiƙa ta zo, mai tambarin ƙasar Chile, da rubutun hannu. Daga Enora ce. Annick ta sa tabarau ta zauna. Abin da ya fara ɗaukar hankalinta shi ne rubutun kansa: haruffa manya-manya, a karkace, kusan kowane layi da kuskure, irin na 'yar aji biyu. Yarinyar kuwa shekararta sha huɗu. Wasiƙar ba ta da tsawo. Ta ce sun ga manyan kifaye masu feso ruwa, ta ce Bayu ya fara magana. A ƙasa, da ƙananan haruffa, ta ƙara: "Mamgoz, ɗakin da Mama ta yi yarinta a ciki yana nan? Ƙofarsa tana rufuwa?"

Annick ta karanta wannan layi ya fi sau goma. Ranar Litinin ta sa rigar zuwa coci ta tafi ofishin gari ta ce tana son fasfo. Yarinyar da ke teburin ta ɗago kai ta ce, "Ke, Madam Kerbrat?"

"Akwai wata a bayana ne?"

Ta liƙa takarda a rumfa cewa ta yi tafiya. Awa sha huɗu ta yi a sama daga Paris, jakarta a cinya, ba ta kwance ɗamarar kujera ba ko sau ɗaya, sai da fitsari ya ci ƙarfinta.

A filin jirgin Santiago, babban birnin Chile, ta wuce su ba ta gane su ba. Sai da wata doguwar budurwa, fata a ƙone, gashi a yanke kamar na namiji, sanye da tsohuwar rigar Tangi, ta riƙo hannunta ta ce, "Mamgoz." Muryar ce kawai ta sani. Malo na tsaye da wuƙa rataye a ƙugu, ƙafarsa cikin wasu takalman taya. Youna, wadda Annick ta sha ɗauka a kafaɗa, ta ɓuya a bayan ubanta tana leƙe, sannan ta gaishe ta da Sifaniyanci, irin gaisuwar da ake yi wa baƙuwar dattijuwa a hanya. Ƙaramin kuwa yana kan wuyan Tangi, babu wando. Sai Solenn: ta rame, furfura ta fito mata, haƙori ɗaya na gefe babu, tana dariya tana hawaye.

"Maryama uwar Yesu," in ji Annick. "Ina haƙorinki?"

"Yana Kambodiya, Mama. Zo mu tafi."

Mako bakwai ta yi da su, suna bin gaɓar teku zuwa arewa, inda ƙasa ke komawa hamada. Tangi ya bar mata gadonsu, shi da Solenn suka koma tanti a kan rufin mota. Kullum sai ta ga abin da zai sa ta riƙe baki. Bokiti ɗaya na ruwa ake wa yara huɗu wanka, daga ƙarami zuwa babba. Malo yakan nutse cikin teku ya fito da wasu halittu masu ƙaya, ya fasa da wuƙa ya tsotse ɗanye. Rannan ta neme shi ta rasa, ashe yana kwance ƙarƙashin mota yana sauya matatar mai, ubansa na can yana shan kofi. Youna, 'yar shekara takwas, ta shiga kasuwa ta tsaya gaban wata ƙatuwar mata mai tumatir, ta yi ta ciniki hannu a ƙugu, har matar ta ɗaga hannu sama ta ƙara mata gyara. Amma da Annick ta ba ta kwalin madara ta ce ta karanta, sai ta bi da yatsa, harafi-harafi, ta tsaya a tsakiya.

"Ina littattafan da hukuma ta yarda da su?" ta tambayi Tangi.

Ya ɗaga murfin kujerar zama. Suna nan a jere, sun yi funfuna, wasu ko ledarsu ba a yage ba.

"Duniya ce makarantarsu, Annick. Yaran nan suna jin harshe huɗu."

"A cikin huɗun wanne suke iya rubuta sunan kakarsu da shi?"

Akwai kuma hoto. In rana ta yi kyau, ko an iso wani wuri mai ban sha'awa, Tangi zai ce, "To jama'a, a hau rufi!" Yaran su hau, su ɗaga hannu, su yi tsalle. Annick ta lura da yadda murmushin Enora ke kunnuwa daidai lokacin da aka ɗaga waya, ya mutu daidai lokacin da aka sauke. Ta yi ta neman su keɓe su biyu, amma a cikin wannan mota babu inda mutum zai yi tari ba a ji ba.

A mako na biyar suka sauka daga kwalta suka yi zango a wani kwari, babu gida, babu itace, waya ba ta kamawa. Da hantsi Tangi yana yanka ƙarfe da injin hannu don ya gyara mazaunin tankin ruwa. Annick na yanka albasa ta ji ƙarar injin ta sauya, sai wani ihu. Faifan ya tarwatse, ya tsarge masa hannun dama daga wuyan hannu kusan zuwa gwiwa. Jini na tsartuwa har jikin mota.

Solenn ta kai gare shi kafin ya faɗi. Ta ɗaure dantsen da bel, ta danna tawul da dukan ƙarfinta, suka ja shi cikin mota.

"In na saki zai mutu," ta ce. "Gari mafi kusa kilomita saba'in ne. Mama, tuƙa!"

Annick ta yi shekaru tana tuƙa 'yar motarta ta kasuwa. Ta haye kujerar direba, ƙafarta ba ta kai ƙasa ba, ga sandunan giya har biyu, ga maɓallai barkatai. Ta rasa ta inda za ta fara.

"Matsa, Mamgoz," in ji Enora.

"Ke? Ke yarinya..."

"Matsa!"

Ta matsa. Yarinyar ta jawo kujera gaba, ta murza makulli, ta taka, ta sa giya, ƙatuwar motar ta yi gurnani ta tashi. "Malo, riƙe Bayu! Youna, zauna a ƙasa!" ta faɗa ba tare da ta waiwaya ba. Annick ta ƙanƙame ƙarfen ƙofa tana kallon jikarta, 'yar shekara sha huɗu, tana murza sitiyarin da ya fi faɗin kafaɗunta, tana kauce wa duwatsu, tana hawa gangare mai rami a gefe wanda ko leƙa shi Annick ba ta iya yi. Fuskar yarinyar kamar an sassaƙa ta. Da suka hau kwalta ta ƙara wuta, ta wuce wata tirela tana danna ham. A baya Solenn sai kiran sunan mijinta take yi don kada ya suma.

Sun kai. Ma'aikatan asibitin garin suka fito da gado suka ɗauke shi, Solenn na biye, jini har gwiwar hannunta. Enora ta gyara wa motar tsayuwa, ta ja birki, ta kashe, ta sauko. Ta yi taku uku, ta durƙusa a gindin taya ta yi ta amai.

Annick ta tsuguna ta riƙe mata goshi. "Yarinyata. Jarumata. Kin ceci ubanki."

"Kada ki ce haka!" Enora ta ture hannunta, sai kuka ya ƙwace mata. "Kowa haka yake cewa. Jaruma, jaruma. Na gaji, Mamgoz! Wannan ne karo na uku. A Mongoliya ni na je neman taimako a ƙafa, ina 'yar shekara goma. Da Mama za ta haihu ni na riƙe fitila." Ta share hanci da hannun riga. "Na ƙirga ƙawayen da na yi, talatin da ɗaya. Babu wadda ta san ni fiye da mako uku. In na fara sabawa sai Baba ya buɗe taswira. Ina so in je makaranta a ba ni aikin gida in yi ƙorafi. Ina so in ga mutum yau, in gan shi gobe, har ya gundure ni."

"Kin gaya wa uwarki?"

"Yaya zan gaya mata? Ba ki ga yadda take farin ciki ba?"

An yi wa Tangi aiki, hannu ya tsira, sai dai yatsu biyu da ba su ƙara lanƙwasuwa ba. Kwana uku bayan haka Annick ta sami 'yarta a bayan asibiti tana shanya tawul ɗin da ta wanke. Ta gaya mata komai, yadda ta ji shi, ba ta rage ba. Solenn ta zauna a kan bokiti.

"Enora ce ta faɗi haka? Ai ita ce ta fi kowa son hanya."

"Ita ce ta fi kowa iya ɓoyewa. Shekara biyar kuna kwana numfashinku na haɗuwa, ba ki ga 'yarki ba. Me kika rasa a gida, Solenn? Me ya kore ki?"

Solenn ta daɗe tana murza tawul a hannu.

"Shekara goma sha biyu ina rufe idon tsofaffi, Mama. Kusan kowannensu sai ya riƙe hannuna ya gaya mini inda ya so zuwa bai je ba. In na taso in dawo gida, in ɗaga kai, in gan ki a taga. Kin san lokacin da na tashi, kin san abin da na dafa, kin san ranar da muka yi faɗa da Tangi. Ina da shekara talatin da shida, amma ko labule ban isa in sauya ba sai kin ce tsohon ya fi. Numfashi nake nema."

Annick ta jingina da bangon asibitin. Duk abubuwan da ta gani a wannan tafiya, babu wanda ya buge ta kamar wannan. Ta zaci surukinta ne ya janye mata 'ya. Ba ta taɓa kawowa a ranta cewa daga ita aka gudu ba.

"Ni dai kallon ku nake yi don daɗi," ta ce da ƙyar.

"Na sani, Mama."

Tangi ya ƙi da farko. Daga kan gadon asibiti ya ce iyali ba ya rabuwa, saura Peru da Kolombiya da Kanada kawai. Enora da kanta ta tsaya a gabansa ta ce, "Baba, ni na kawo ka nan. Yanzu ka bar ni in tafi." Ya juya fuska bango, bai ƙara musu ba.

Haka Annick ta dawo Lanvoran da jika ɗaya. Ba a sha da sauƙi ba. Makaranta ta mayar da Enora baya da aji biyu, ta zauna cikin yaran da ta fi tsawo da kai guda, suna kiran ta 'yar mota. Watan farko a ƙasa take kwana, ta ce katifar ta cika laushi. Wata Laraba ta ɓace tun safe, Annick ta kusa kiran 'yan sanda, sai ga ta da la'asar da yashi a ƙafa: teku ta je gani, kilomita goma sha ɗaya zuwa, sha ɗaya dawowa, kuma ba ta fahimci abin faɗa a ciki ba. Amma karatu ta riƙe shi da haƙori. Kowace yamma suna teburin kicin, kaka na yi mata shifta daga jarida, jika na rubutawa tana tsaki.

Sauran sun iso bayan wata goma sha tara, ta jirgin ruwa daga Kanada. Sun zagaya ɗin kuwa, sun bi ta gabas sun dawo ta yamma. Ba su zauna a Lanvoran ba, sun kama haya a Morlaix, tafiyar rabin awa, kuma Annick ba ta ce komai ba. Solenn ta koma jinya. Tangi yana koyar da kafinta, tunda hannun ba ya riƙe kurfi kamar da. Malo bai taɓa shiri da aji ba, yana cika sha shida ya shiga garejin manyan motoci, yanzu ana layi a kansa. Youna tana karatun fassara a birnin Rennes. Enora kuwa ta gama makaranta ta kama aikin awon filaye a gundumarmu, ta yi hayar ɗaki a saman gidan burodi, ko hutu aka ba ta ba ta wuce bakin teku. Uwarta ta yi kuka da ta ji, ta ce yarinyar da ta ga duniya za ta ƙare tana auna gonakin kabeji.

Annick ta bar kasuwa da gwiwoyinta suka ƙi, amma kaskon yana nan a kicin. In mutane suka tambaye ta ko tafiyar ta gyara yaran ne ko ta ɓata su, takan ce, "Wanne daga ciki? Kuma a wace rana?"

Bayu ne kaɗai cikin jikokin ya nemi ta koya masa waina. Duk Laraba yake hawo bas ya zo. Hannunsa ya faɗa, yana shimfiɗa ƙullu sirara fiye da yadda uwarsa ta taɓa iyawa. Makon jiya ya juya wata mai kyau, ya fasa ƙwai, ya sa cuku, sannan ya zaro wata 'yar kwalba daga aljihu ya tsiyaya jan barkono a kai har ya rufe gwaiduwar.

"Me kake yi?" Annick ta dafe ƙirji. "A kan wainata?"

"Ɗanɗana ki ji, Mamgoz."

"Ko a bakin kabari!"

Ya yanko 'yar ƙarama ya miƙa mata a bakin cokali. Ta harare shi, ta harari wainar, ta karɓa. Sai da ta shanye kofi biyu na madara kafin ta iya magana, hawaye na zuba, yaron kuwa yana riƙe da ciki don dariya.